Haƙori Ɗaya

Tun daga gadar Dadin Kowa na jiyo shi,
babur mai ƙafa huɗu, ja, taɓo har wuya,
ƙirjinsa na ƙaras-ƙaras
kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.
Jauro Gidado ya diro, ya ce, "Oga Manu,
buhu tamanin na shinkafa na can bakin fadama,
ba motar da ke shiga, sai shi."
Na ce, "Kashe. Sarƙar taimin ce ta saki."

Na shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya,
na tsiyaye baƙin mai, na sauke tanki,
na zare filogi, na kwance murfin kai.
Noti na faɗawa tsohon kwanon sha,
kowanne na san ramin da ya baro.

Ga ta nan.
Shekara bakwai tana aike cikin duhu.
A ƙasa fistan ya hau ya sauka,
a sama bawul ya buɗe ya rufe,
ba su taɓa haɗa ido ba,
ita ke faɗa musu: kai shigo, kai fita, kai dakata.
Yau na sa yatsa na ɗago ta,
ta biyo ni laƙwas kamar zariyar tsohon wando.
Tenshina ya miƙe iya tsawonsa,
ya rasa abin da zai ƙara.

Na ɓalle maganeto, na zare tsohuwa,
na ɗaure sabuwa da waya, na zura ta rami
kamar mai sakin guga a rijiya.
Sauran aiki na alama ne.
Akwai ɗan layi a jikin maganeto,
siriri, bai kai gashin gira ba,
akwai biyu a faifan kamshaf.
In ba su yi sahu ba, in ka kuskure haƙori ɗaya,
fistan zai taso ya iske bawul bai koma gida ba,
su yi gaisuwar da ke cin kuɗin buhu goma.

Na leƙa. Duhu.
Na goge ido da bayan hannu, na sake leƙawa.
Shekara talatin ina ganin layin nan
ko ana kiran magariba.
Yau, rana tsaka, ya ɓuya mini.
Na ce hannu ya san hanya,
na ɗora sarƙa da ƙiyasi.

Hajjo ce ta kawo mini ɗanwake a kula,
'yar autata, mai ɗinki a bakin kasuwa,
wadda ta yi rarrafe cikin waɗannan notuna.
Ta durƙusa, ta kunna fitilar waya.
"Baba, saura haƙori ɗaya."
Na ce, "In ji wa?"
Ta ce, "In ji layin. Ya gota."
Jauro ya juya yana kallon garken shanu
da babu su a wurin.

Na daɗe riƙe da sufana.
Sannan na miƙa mata.
Ta juya a hankali, kamar mai zura zare a allura,
ta ce, "Nan."
Na ɗaga sarƙa, na matsa haƙori ɗaya,
na saki tenshina, ya ce ƙyas.
Muka juya inji da hannu, zagaye biyu,
ba abin da ya taɓa ɗan'uwansa.

Sabon mai. Murfi. Tanki. Bismillah.
Ya tashi bugu ɗaya,
yana sir-sir kamar kekenta na ɗinki.
Jauro ya biya, ya nufi fadama, taɓo na tashi.

Na rataye tsohuwar sarƙa a ƙusa.
Ba ta tsinke ba, ba ta yi laifi ba,
tsawo kawai ta ƙara da babu mai gani.
Ɗanwake ya huce. Ina ci na ce,
"Hajjo, ran da za ki Gombe sarin yadi,
tambayo mini kuɗin tabarau."