Ɗigon da Ya Ƙi Layi

Sha ɗayan dare a Lamingo,
sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere ya kama mini yatsu.
Yara ɗari huɗu da sha biyu ke gabana,
babu suna, sai lamba,
kowa ya zama ɗigo a fuskar kwamfuta.

Malamansu sun cika takardu:
Yana barin kujera? Yana katse magana?
Yana ɓatar da fensir?
Sam, jefi-jefi, kullum.
Mun karɓi yawu a 'yan kwalabe
don mu tambayi gado abin da ya ɓoye,
mun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa,
ga ta nan kamar kabejin Farin Gada da aka raba biyu.

Na zuba su duka a lissafi guda,
na ja layi ya ratsa tsakiya.
Yawancinsu suka bi.
Ɗaya ya ƙi.

Lamba ɗari biyu da bakwai,
can ƙuryar sama, shi kaɗai.
Dakta Nanret ta ce a cire shi,
ya motsa a cikin injin, hoton ya yi dishi-dishi,
wake ɗaya ke ɓata gari.

Amma na san shi. Tasi'u ne.
Ranar uwarsa na riƙe da takalmansa tana ba da haƙuri
tun kafin ya yi laifi.
Da ya fito ya ce injin nan acca yake daka,
ya ƙirga, sau ɗari uku da tara,
kuma agogon bangonmu ya makara da minti bakwai.
Na duba. Gaskiyarsa.
Shekara biyu ina zama ƙarƙashin agogon nan.

Takarda ta ce ba ya mai da hankali.
Ba ta tambayi inda hankalin ya tafi ba.

Kashi tara cikin ɗari lissafina ya iya fassarawa,
ragowar muna ce mata saura.
A cikin sauran nan har da ni,
aji uku a Gangare,
ina kallon ƙadangare yana gyaɗa kai a taga
har bulala ta dawo da ni.

Ban ce lissafi ƙarya ne ba.
Wataƙila shi zai sa malami ya ajiye bulalar.
Sai dai gwangwani ba ya auna kududdufin kuza.

Wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa.
Yatsana na kan maɓallin gogewa.
Na janye.
Na sake lissafi da shi a ciki,
layin ya ɗan karkata wajensa.