Bokitin Kwaɗi

Shekara arba'in da ɗaya nake jan igiyar ƙararrawa
a cocin ƙauyenmu, bayan ganuwar teku, can arewacin Jamus.
Yanzu ran Lahadi mu bakwai ne,
in ciwon ƙafar Tjark bai motsa ba.

Jikata Wiebke ta daina zuwa tun tana sha huɗu.
Amma Maris na kamawa, ƙanƙara na sakin ƙasa,
sai ta tashi cikin duhu, ba mai tashinta,
ta zura takalmin roba, ta ɗau tocila da bokiti,
ta nufi titin da ya raba kurmi da tafki,
inda kwaɗi ke tsallakawa su je su zuba ƙwai,
motoci na maishe su tabarma a kan kwalta.

Na ce mata: Yarinya, kin shiga addini ba ki sani ba.
Kina da azumi, shekara shida nama bai ga bakinki ba.
Kina da zunubi, na ga idonki ran da na shigo da leda.
Sau ɗaya kika hau jirgin sama,
kika dawo kina kaffara da dashen itace.
Har tashin alƙiyama kuna da shi,
ranar da teku zai haura ganuwa ya shanye gonakin kabeji,
kuma ku ma, kamar mu, a kan ranar kuke gardama.

Ta yi dariya, tana kankare laka daga hannun riga.
Ta ce: Kaka, to wa nake roƙo?
Kwaɗo ba ya jin addu'a, ko godiya bai iya ba,
fitsari yake min a tafin hannu.
Ni ƙirga nake. Bara dubu da ɗari biyu, bana ɗari takwas.
In gobe lissafi ya ƙaryata ni, zan janye magana.
Kai fa, wane lissafi zai sa ka saki igiyarka?

Na rasa ta cewa.
Na ce mata shayi na hucewa.

Daren Alhamis aka yi yayyafi, ta ce hannu ya yi musu kaɗan.
Na bi ta, don kada a ce tsoho ya yi ƙyuya.
Mutum tara, ba mai cewa uffan,
kowa ya sunkuya bayan ɗan haskensa,
gwiwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa.
Ni da na tsufa a cikin durƙuso, na san shi in na gan shi,
amma na ja bakina.

Ta farkon da na ɗauka sanyi gare ta, da ƙuraje,
ta goyo mijinta a baya, ba ruwanta da ni.
Maƙogwaro na bugawa a kan yatsana,
ido ruwan zinariya.
Ba ta san akwai titi ba, balle Lahadi.
Taku goma sha biyu na yi da ita,
na sauke ta a bakin ruwa, ta ja jiki, ko waiwaye.

Sai bakina ya motsa da kansa.
Wiebke ta ji. Ta ce: Da wa kake?
Na ce: Ba da kwaɗo ba.
Ta ce: Na sani.
Ta ciro fensir daga bayan kunne, ta rubuta: biyu.

Da safe na ja igiya da hannu mai ƙarnin tafki.
Mu shida ne, ƙafar Tjark ta motsa.
Fasto na karanta yadda aka raba ruwa da tudu,
ni hankalina na kan ɗari takwas.
Ta taga na hango bokitinta a kife a kan shinge, yana ɗiga.
Tana barci a sama, ƙararrawa ba ta tashinta.

Har yau ban samo wa abin da take yi suna ba.
Na dai sayi tocila.