Na Ajiye Madubi

Shekara goma sha ɗaya kyamarar na rataye a wuyana,
baƙa, mai tumbi, nauyinta kamar ɗan yaye.
Igiyarta ta cinye wuyan riguna bakwai,
ta bar mini baƙin tabo a kafaɗar hagu.
In ina hawa gadar Oshodi
sai ta riƙa dukan haƙarƙarina, taki bayan taki.

Likita a Idi-Araba ya danna ƙashin wuyana,
ya ce, "Malam, dakon me kake yi?"
Na ce dakon fuskokin mutane.
Bai yi dariya ba. Ya rubuta magani.

Ran Talata na kai ta Ikeja,
layin masu waya da kwamfuta.
Ifeanyi ya jujjuya ta, ya leƙa cikinta,
ya duba sau nawa ta taɓa ƙiftawa:
dubu ɗari biyu da 'yan kai.
Ya ce, "Tsohuwa ce." Na ce, "Uwa ce."
Muka yi ciniki a tsaye, janareta na ihu.
Na cika da adashen wata shida,
ya miƙo mini wata 'yar mitsitsiya
da za ta shige aljihun kaftani.
Ya ce wannan babu madubi a cikinta.

A danfo na yi ta shafa ƙirji
kamar wanda aka yi wa sane.

Asabar, bikin 'yar Alhaja Risikatu a Mushin.
Ta dube ni sama da ƙasa, gwaggwaro na rawa:
"Ina babbar? Da abin wasan yara ka zo?
To, rage kuɗin."
Na yi ta ɗauka, ba ƙara ko kaɗan.
Ƙawayen amarya na tsaye, haƙora a waje,
suna jiran ƙwas ɗin da ba zai zo ba,
har murmushi ya bushe musu a baki.
Batir ya mutu kafin a yanka kek.
Na zagi Ifeanyi a zuci, har da shagonsa.

Babban yatsana na lalube maɓalli inda babu.
Tsoffin gilasaina sai da zoben haɗi,
sun zauna mata kamar hular uba a kan yaro.

Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.
Tsohuwar, duk sa'ad da na danna,
madubin yakan ɗaga, ido ya yi duhu,
ƙiftawa ɗaya, sannan duniya ta dawo.
Ashe ainihin abin da nake kamawa
ban taɓa ganinsa da idona ba.
Ƙananan darare dubu ɗari biyu,
a cikinsu aka yi duk sunan da na ci abinci da shi.

Jiya da la'asar a Agege, ruwa ya ɗauke,
Baba Sallau na zaune a rumfar goro.
Mahaifina, wanda ya tsani hoto,
da ya ji ƙwas sai ya haɗe rai, ya ba ni ƙeya.
Yana ware fari daga ja a kan ganye,
leɓensa na motsi da lissafi.
Jirgin ƙasa ya wuce, tebur ya girgiza,
wani ɗan goro ya gangara zai faɗa kwata,
ya kai hannu ya cafke shi, ya yi dariya shi kaɗai,
dariyar giɓi, wadda na manta yana da ita.

Na ɗaga a hankali. Na danna.
Babu duhu.
Na ga farkon dariyar, na ga tsakiyarta,
na ga inda ya naɗe ta ya mayar.

Ya ɗago. "Kai Tanimu, yaushe za ka fara aiki
da 'yar kwalbar turaren nan taka?"
Na ce, "Sai na koya tukuna, Baba."

Har yau in na fito kafaɗata takan karkace,
tana gyara wa igiyar da ba ta nan wurin zama.
Ifeanyi ya ce wani yaro daga Ajegunle ya saye ta.
Allah ya ba wuyansa haƙuri.