Ga Sagiru, Ranar da Ya Sayo Madubin Taurari

Sagiru, na ga kwalin da ka sauko da shi daga motar Kano,
ka rungume shi kamar jaririn jiya.
Ka ce mai shago ya rantse
zai kusanto maka da sama ninki ɗari shida.
Ni ma an taɓa rantse mini.
Jawo tabarmar nan, zauna.

Shekara talatin da ɗaya na yi a asibitin Jahun
ina leƙen ɗigon jini, ina farautar ƙwayar zazzaɓi,
kafin na juya bututu sama.
Darasin ɗaya ne:
mai gaggawar kusantowa, dishi-dishi yake gani.

Idanu uku ne a kwalinka.
Fara da mai lamba ashirin da biyar, mai faɗin baki,
shi ne zaure, ta nan baƙo yake sallama.
Mai lamba goma tsakar gida ne, sai an saba.
Ɗan mitsitsin nan mai lamba huɗu kuwa
mayar da shi cikin ledarsa.
Kayan raƙumi ne, bututunka jaki.

Da hantsi ka saita ɗan manunin
a kan ƙarfen sabis na hanyar Harbo.
Za ka gan shi kai ƙasa, ƙafa sama. Bai lalace ba,
can inda za ka duba babu tsaye, babu kwance.
Amma rana, ko da wasa,
ko yaro ya yi birgima yana roƙonka,
kada ka nuna mata shi.
Ido ba zogale ba ne, ba ya sake tofowa.

Bayan magariba fitar da shi ya sha iska,
in da zafi a cikinsa taurari rawa suke yi.
Kafa shi a masussuka, inda ƙasa ta daddale.
Kashe waya. Ɗaure bakin tocila da jan ƙyalle.
Ba wa idonka lokacin da shayi ke ci a kan gawayi,
duhu ma sai an jira shi yake nuna.

Kada ka jira wata ya cika, fari fat ne kamar faranti.
Same shi yana ɗan kwana bakwai,
ka bi bakin iyakar haske da inuwa,
nan ramukan suke,
sawun shanu a fadamar da ta tsotse.
Kaza da 'ya'yanta sai babban ido,
ƙarami zai raba uwa da tsaki.
Abin da ya dushe kuwa kunya gare shi irin ta suruki,
kalli gefe kaɗan, zai fito.

Daren da na fara kama Zuhal
na tashi Marka daga barci, Allah ya ji ƙanta.
Ta leƙa, ta daɗe, ta ce,
wa ya ɗora ƙwai a kan faifai?
Sai ta ce ya gudu.
Na ce ba shi ya gudu ba,
mu ne, da rumbu, da tumaki, da Jahun ɗungurungum,
muke juyawa ba mu sani ba.
Ta riƙe ƙafar madubin kamar za ta faɗi.

In raɓa ta sauka a gilashi, bar shi ya bushe da kansa,
bakin riga yashi ne.
Da damina za ka yi mako ba ka ga komai ba,
manoma na godiya, kai ma ka yi.

Yau dai sama ta wanku.
Kawo shi nan bayan isha'i.
Yana ta fara rufe mini idon dama,
na hagu kuma bai taɓa iya aikin ba.
Zan nuna maka inda Mushtari yake,
kai ka leƙa,
ka faɗa mini watanni nawa ke gefensa.
Bara huɗu na bari.