Layin da Ya Ɓace

Dare goma sha ɗaya ke nan a jere
lissafina na mutuwa a wuri guda.
Ƙarfe uku da 'yan mintoci, Trondheim na barci,
kofi ya huce a gefen hannuna,
allo ya cika da jan rubutu:
matsi ya sauka ƙasa da sifiri.
Wai bututu ne ke tsotsar kansa.

Iskar kabon nake korawa cikin kwamfuta,
daga masana'antar siminti zuwa ƙarƙashin teku,
inda za a binne ta a dutse mai huda kamar soso.
Na yanka bututun gida-gida, miliyan tara,
kowane gida da zafinsa, da nauyinsa,
yana miƙa wa maƙwabci abin da ya karɓa
kamar masu kashe gobara da bokiti.
Sai an kai lanƙwasa ta biyu
bokitin ya kuɓuce.

Na zargi ragar, na ƙara mata idanu.
Na zargi takun, na mai da shi rarrafe.
Har ɗalibin da ya bar mini aikin ya tafi Bergen
ya sha tsinuwa bai sani ba.

Torleif ne, tsohon ɗakin gwaji na ƙasa,
mai warin man inji da rabin babban yatsa,
ya tare ni a matattakala:
"Ingunn, kin taɓa ganinta da idonki?"

Tulun ƙarfe ne, bai fi dunƙulen hannu ba,
da 'yar taga mai kaurin gilashi.
Ruwa a ƙasa, tururi a sama,
tsakaninsu layi siriri kamar zaren ɗinki.
Ya murza wuta.
Ashirin da tara. Talatin.
Layin ya fara makyarkyata.
A talatin da ɗaya ciki ya yi fari fat
kamar an ɗiga nono,
sannan ya washe, garau.
Babu sama, babu ƙasa.

Na ce, ina ya shiga?
Ya ɗaga kafaɗa: "Shekara talatin ina gadinsa,
ban taɓa kama shi yana fita ba."

Ga nauyin ruwa, ga kutsen hayaƙi,
rabin digiri kaɗai ya isa ya sauya mata hali.
Ni kuwa can a layi na ɗari takwas da shida
na tsare kowane gida da tambaya:
kai ruwa ne ko tururi?
Wanda ya yi shiru sai lissafi ya amsa masa,
yanzu wannan, an jima wancan,
har matsi ya haukace.

Cire tambayar bai zo da sauƙi ba.
Mako uku na yi ina warwara,
ina koya wa gidajen su faɗi abin da suka ƙunsa kawai,
su bar suna.

Ranar Lahadi na hau jirgin ruwa zuwa Hitra.
Babana na zaune a gidan kula da tsofaffi, yana fuskantar teku.
Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu.
Amma hannunsa, da ya sami igiyar labule,
ya ƙulla irin ƙullin da ya koya mini a kwalekwale,
ya miƙo, yana jira in kwance.
Ma'aikaciya ta zo da takarda mai akwati biyu:
ya gane ki? I, ko a'a.
Na riƙe biron har ta ce za ta dawo.

Litinin da asuba lissafi ya kai lanƙwasa ta biyu.
Na tashi tsaye, ban san dalili ba.
Shuɗi ya narke cikin kore, babu tsalle, babu ja,
ya wuce.

Ban kira kowa ba.
Ƙanƙara na sauka a kan kogin Nidelva,
Torleif bai iso ba tukuna,
kuma akwai lanƙwasa ta uku a gaba.