Kalmar da Kakata ta Bar Mini

Kakata Léontine, in na fasa faranti,
ba ta duka, ba ta zagi,
sai ta kama kunnena da yatsu masu warin albasa
ta ce, "Dinamitar! Ƙaramin dinamitar!"
Ni kuwa na ɗauka sunan wani tsuntsu ne
mai ɓarna a ɗakin girki.

Shekara sittin da ɗaya bayan nan,
a laburaren Saint-Étienne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na buɗe ƙamus mai nauyin jariri,
na bi layi da farce har na same ta
a kwance, da ɗan tambari a gefenta:
tsohuwar kalma, an daina.
Ma'ana: mai dasa nakiya,
musamman cikin mutanen nan da suka ce
ba sarki, ba alƙali, ba ɗan sanda,
kowa ya riƙe linzamin kansa.

Kanta nakiya ne, wannan kowa ya gani.
Wutsiyar ce abin lura.
Wannan "ar" da muke liƙa wa mashayi,
da matsoraci, da mai cika baki,
tofin yawu ne aka mayar harafi.
Ashe ba masu sunan suka zaɓa ba,
jaridu ne suka yanka ragon.

Sai na tuna hoton da ke kife a ƙasan akwatinta.

Firmin, wanta, mai fasa dutse.
Awa goma sha biyu a rami, huhu cike da baƙar ƙura.
Ranar da rufi ya danne abokinsa,
kamfani ya cire kuɗin fitilar da ta fashe
daga ladan da aka miƙa wa matar mamacin.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
wannan na sani.
Firmin ya fito da sanda uku a cikin gwangwanin abincinsa,
ya ajiye a ƙofar manaja da asuba.

Manaja yana Vichy, yana shan ruwan magani.
Wadda ta buɗe ƙofa 'yar aiki ce,
Honorine,
da tulun madara a hannu.

Ƙamus bai san Honorine ba.
Bai san kuɗin fitila ba.
Layi biyu da rabi ya ba su dukansu,
ya wuce zuwa kalma ta gaba.

Jirgin ruwa ya tafi da Firmin, bai dawo da ko maɓallinsa ba.
Kakata tana da shekara tara.
Yara suka bi ta da kalmar har bakin famfo,
mai burodi ya daina ba uwarta bashi,
a coci bencinsu ya yi faɗi.
Magana zarar bunu ce, aka ce,
amma ita ta tsince bunun ɗaya bayan ɗaya,
ta tauna kalmar shekara da shekaru
har haƙoranta suka zube, na kalmar nake nufi,
sannan ta rataya mini ita a wuya
kamar laya.

Yau akwai sababbin sunaye, masu santsi,
ana karanta su a talabijin da ƙarfe takwas.
Kalmar ta tsufa ta mutu.
Aikin kuwa ko furfura bai yi ba,
kuma har yanzu ba manaja ke buɗe ƙofa ba.

Lahadin da ta wuce jikata Maëlle
ta ture kofi, ya tarwatse a daɓe.
Ta ɗago tana jiran hukunci.
Na ji kalmar ta taso,
da ɗuminta, da warin albasarta,
ta tsaya mini a bayan haƙora.

Madarar tana bin layin tayil
tana neman ƙofa.

Na ce, "Ɗaga ƙafarki, akwai gilashi,"
na tafi neman tsintsiya.