Uku Cikin Ɗari

A kan bene a Gwammaja
Shafa'atu ta jera eriya goma sha shida,
huɗu-huɗu, kamar ramukan tanda.
Ni kawunta, tsohon mai gyaran rediyo,
ta tura ni rufin Sallau tela, gida bakwai tsakani,
da farantin tagulla da ɗan ƙwan fitila.

"Babu waya, Kawu. Iska za ta yi dako."
Na ce, shekara arba'in ina kamo murya a iska,
amma ita murya ba ta da nauyi.

Ta ce eriya ɗaya mai shela ce,
kowa ya ji, ba wanda ya samu.
Goma sha shida kuwa, in bakinsu ya zo ɗaya,
sai su tsuke su zama tsinke.
Lugude ne, in ji ta:
taɓarya ɗaya ta makara, ta doki 'yar'uwarta,
gero na nan yadda yake.

Bayan la'asar ta kira ni a salula.
"Na saki wat ɗari. Me allura ta ce?"
Allura ba ta ce komai ba.
Ta murɗa, ta sake murɗawa.
Na ji tana faɗa da eriya ta tara.
Can sai allura ta ɗaga kai
kamar mara lafiya da ya ji sallama.
Uku.

Ina casa'in da bakwai?
Wasu sun zama zafi tun a akwatinta,
har ta ce za a iya dafa ƙwai.
Wasu sun zube a gefen farantina
yadda ruwan buta ke bajewa in an zuba daga nesa.
Kwanon rufi ya mayar da nasa,
tankin maƙwabta ya sha,
saura sun wuce ta kan Dala ba ko waiwaye.

Na ce, 'yar nan, da waya ta naira kaɗan
da duka sun iso.
Ta ce, "Wa zai ja waya zuwa inda ba turke?
Ƙara faɗin faranti, Kawu. Nisa kuɗi yake ci."

Magariba ta yi, unguwa ba wuta.
Ƙwan ya yi ja, ja kawai, kamar garwashin shayi.
Sallau ya hawo da allurarsa, ya tsuguna,
ya lashi bakin zare,
ya kuskure sau biyu,
a na uku ya zura.

Ta rubuta uku a littafinta.
Ta bar layin ƙasa babu komai, na gobe.